Wu Li da Zanen Duwatsu da Ruwa na Ƙasar Sin

A shekara ta 1681 wani mutumin ƙasar Sin mai suna Wu Li ya sauka a Makau, garin bakin teku da 'yan Fotugal suke zaune a ciki a kudancin ƙasar. Shekarunsa sun kusa hamsin. Ya zo ne tare da Fada Philippe Couplet na ƙungiyar Jeswit, da niyyar su haye teku tare zuwa Roma. Tafiyar ba ta yiwu masa ba. Fada ya wuce, shi kuwa ya zauna a makarantar Bulus Mai Tsarki yana koyon harshen Latin kamar ƙaramin yaro. Amma a can arewa, a garuruwan da ke kusa da bakin kogin Yanzi, babu wani mai ilimi da bai san sunansa ba, gama yana cikin gwanayen masu zane na zamaninsa.

A Makau ya riƙa ganin hotunan da Turawa suka kawo, na Yesu da Maryamu da tsarkaka, masu launi da inuwa, har mutum ya ga kamar zai miƙa hannu ya taɓa fuskar. Ya dube su da kyau, ya kuma rubuta abin da ya gani. Duk da haka sa'ad da ya ɗauki alkalaminsa, duwatsu da ruwa ya ci gaba da zanawa irin na kakanninsa. Kafin a gane dalili, sai an san mene ne wannan zane, da abin da ya ɗauko a kansa tun shekaru fiye da dubu kafin a haifi Wu Li.

Sinawa suna kiran irin wannan zane shan shui, wato dutse da ruwa. Kayan aikinsa kaɗan ne. Akwai alkalami na gora wanda aka ɗaura wa gashin akuya ko na zomo a baki, gashin yana da tsini, yana kuma shan tawada da yawa. Akwai tawada, wadda ake yi da baƙin hayaƙi da danƙo, a busar da ita ta zama kamar ɗan sanda, in za a yi aiki a goga ta a kan dutse da ɗan ruwa. Wanda ya taɓa ganin malami a ƙasar Hausa yana haɗa tawadar allo da baƙin tukunya da ƙaro ba zai yi mamakin wannan ba. Sai kuma siliki ko takarda. Dukansu biyu suna shanye tawada nan take, saboda haka ba gogewa, ba gyara. Abin da hannu ya ajiye, ya zauna ke nan.

Da alkalamin da ake rubutu, da shi ake zane. Wannan shi ne tushen maganar duka. Yaron da za a koya wa karatu yakan yi shekaru yana koyon yadda ake riƙe alkalami a tsaye, a danna, a sassauta, a ja da sauri ko a hankali. In ya girma ya juya ga zane, hannun da ya saba da rubutu shi ne zai zana reshen itace da gefen dutse. Don haka masu kallo sukan karanta zane kamar yadda ake gane rubutun hannun aboki. Suna duban layi ɗaya su ce wannan mutum mai natsuwa ne, ko mai gaggawa, ko mai son a yabe shi. A ƙarni na 6 wani masani mai suna Xie He ya tsara ƙa'idodi shida na auna zane. Ta fari ita ce zanen ya kasance da rai, ta biyu layin alkalami ya kasance da ƙashi, wato ƙarfi daga ciki. Kama da abin da aka zana sai a ta uku ya zo.

Tun kafin wannan ma, akwai labarin wani dattijo mai suna Zong Bing, wanda ya rayu daga 375 zuwa 443. Ya yi ƙuruciyarsa yana hawan duwatsu. Da tsufa da ciwo suka hana shi fita, sai ya zana duwatsun da ya sani a bangon ɗakinsa domin ya riƙa yawo a cikinsu yana kwance. Zanen duwatsu da ruwa bai taɓa rabuwa da wannan nufi ba: wuri ne da ake shiga a yi tafiya da ido.

Zanen ya kai ƙarfinsa a zamanin daular Song, wadda ta soma a shekara ta 960. A gidan ajiyar kayan tarihi na birnin Taipei akwai wani zane na Fan Kuan, wanda ya rayu wajen shekara ta 1000. An yi shi a kan siliki, tsawonsa ya ɗara mita biyu kaɗan, ana rataye shi daga sama zuwa ƙasa. Wani ƙaton dutse ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na silikin, ya tsaya a gaban mai kallo kamar bango. Daga wata tsaga a gefensa ruwa yana zubowa, siriri kamar zare. A gindin dutsen akwai hazo, hazon kuwa ba a zana shi ba, silikin ne kawai aka bari babu tawada. Sai mai kallo ya sunkuyar da ido can ƙasa wajen dama kafin ya ga 'yan alfadarai da kaya suna fitowa daga cikin itatuwa, da mutanen da ke kora su, ƙanana kamar tururuwa. Jikin dutsen kuwa an cika shi da dubban ɗige-ɗige na bakin alkalami, waɗanda Sinawa suka sa wa suna ɗigon ruwan sama. Fan Kuan ya sa hannu a zanen, amma ya ɓoye sunansa a cikin ganyayen itace a bayan alfadaran, har ba a gano shi ba sai a 1958.

Kiristan da ya saba da Zabura, in ya ga ƙanƙantar mutum a gaban wannan dutse, zuciyarsa za ta tafi wani wuri da ya sani. Amma gaskiya ita ce Fan Kuan bai san Zabura ba. Tunanin da ke bayan zanensa ya fito daga koyarwar Dao da ta Konfushiyas da ta Buddha. A wurinsu dutse shi ne abin da ke tsaye mai ƙarfi, ruwa shi ne abin da ke gudu mai laushi, duniya kuwa tana tafiya daidai ne sa'ad da biyun suka haɗu, ɗaya bai danne ɗaya ba. Mutum yana da wurinsa a ciki, amma ba shi ne tsakiya ba.

Bayan Fan Kuan sai Guo Xi, mai zane na fadar sarki, wanda ya yi sanannen zanensa na farkon bazara a 1072. Ɗansa ya tattara koyarwarsa a rubuce, daga nan aka san yadda waɗannan mutane suke shirya zane. Guo Xi ya koyar cewa nisa iri uku ne. Akwai nisan tsawo, in mutum yana gindin dutse ya ɗaga kai. Akwai nisan zurfi, in yana gaban dutse yana leƙen abin da ke bayansa. Akwai nisan shimfiɗa, in yana kan tudu yana hangen ƙasa har inda ido ya gaza. Gwani yakan haɗa ukun a zane ɗaya. Ma'anar wannan ita ce mai zanen bai tsaya wuri ɗaya ba, kamar mai ɗaukar hoto. Ya zaga dutsen, ya hau, ya sauka, ya gan shi da safe da yamma, da rani da damina, sa'an nan ya koma ɗaki ya zana abin da ya zauna a ransa. Hazon da ake bari tsakanin gaba da baya shi ne ke ɗinke waɗannan gani daban-daban. Wanda ya taɓa hangen duwatsu a lokacin hunturu, gindinsu ya ɓace cikin hazo, kawunansu kaɗai suna shawagi, ya riga ya san abin da ake nufi. Guo Xi ya kuma kwatanta babban dutse da sarki, ƙananan tuddai da fadawa masu kewaye da shi. Zanen daji ne, amma tsarin mulki yana ciki. Masu sayensa ma galibi ma'aikatan sarki ne waɗanda aiki ya ɗaure a birni, suna marmarin daji ba su da halin zuwa.

A 1127 mayaƙan Jurchen daga arewa suka ci babban birnin Kaifeng, suka kama sarki. Sauran gidan sarauta suka gudu kudu, suka kafa fada a Hangzhou. Zanen ma ya sake. Babban dutsen nan na tsakiya ya kau. Ma Yuan yakan tara itace da dutse da mutum a kusurwa ɗaya ya bar sauran silikin fayau, har aka yi masa laƙabi da Ma mai kusurwa ɗaya. Shi da Xia Gui suna kwantar da alkalami su ja shi a gicciye, gefen dutse ya fito kamar saran gatari. Mutanen baya suka ce wannan fili da babu kome hoton rabin ƙasar da aka rasa ne.

Babban juyi ya zo bayan 1279, sa'ad da Mongol suka gama cinye ƙasar duka. Masu ilimi da yawa suka ƙi yi wa baƙin sarakuna aiki, waɗansu kuma ba a neme su ba. Suka koma ƙauyuka, zane ya zama maganar da suke yi wa juna ba tare da buɗe baki ba. Wani mai suna Zheng Sixiao yakan zana wani fure da suke kira lan ba tare da ƙasa a gindinsa ba, domin a cewarsa baƙi sun ƙwace ƙasar. Gora ta zama alamar mutumin kirki, gama tana lanƙwasa a iska ba ta karyewa, cikinta kuma rami ne, ba girman kai. Wani irin itacen fir da ba ya zubar da ganye ko a tsananin sanyi ya zama alamar mai riƙon amana. Itacen mei, wanda ke yin fure tun ƙanƙara ba ta narke ba, ya zama na uku, ana kiransu abokai uku na lokacin sanyi. Masunci shi kaɗai a cikin ƙaramin jirgi kuwa, kowa ya san ba kifi yake nema ba, mutum ne da ya bar sarauta da rigimarta.

Ni Zan, wanda ya rayu daga 1301 zuwa 1374, ya kai wannan hali iyaka. Mai dukiya ne, ya rabar da ita ya koma zama cikin jirgi a tafkin Tai. Kusan abu ɗaya ya yi ta zanawa har ya mutu: 'yan itatuwa sirara a bakin ruwa, rumfa guda, ruwa mai faɗi da ba a taɓa shi da tawada ba, tuddai can nesa. Rumfar ba kowa a ciki. Alkalaminsa kusan a bushe yake, kamar mai rowar tawada. Wanda bai saba ba zai ce aikin bai ƙare ba, amma a ƙarnukan baya manyan gidaje sun riƙa auna darajarsu da ko suna da zanen Ni Zan ko babu.

Babban dattijon wannan zamani shi ne Huang Gongwang, wanda aka haifa a 1269 a garin Changshu. Yana da shekara wajen tamanin ya gama zanen duwatsun Fuchun a 1350, bayan ya yi shekaru yana ƙara masa kaɗan-kaɗan in ransa ya so. Wannan ba na ratayewa ba ne. Doguwar takarda ce da ake naɗewa kamar tabarma. Ba a shimfiɗa ta duka. Mutum yakan zauna da aboki ɗaya ko biyu, ya warware kamar tsawon hannu daga dama, ya duba, ya naɗe, ya warware na gaba. Tudu ya taso, ya wuce, kogi ya buɗe, ƙauye ya bayyana, kamar mai tafiya a jirgin ruwa. Layukan da ya yi jikin tuddai da su dogaye ne masu laushi, an sa musu suna zaren rama da aka tsefe. A 1650 mutumin da ke riƙe da zanen, yana bakin mutuwa, ya sa a jefa shi a wuta domin ya tafi da shi. Wani ɗan ɗan'uwansa ya fizge shi daga wutar, amma ya riga ya rabu biyu. Guntun, kamar rabin mita, yana Hangzhou, dogon, fiye da mita shida, yana Taipei. An haɗa su wuri ɗaya na 'yan watanni a 2011.

A wannan gari na Changshu aka haifi Wu Li a 1632. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara goma sha biyu daular Ming ta faɗi, a 1644, Manchu suka shigo daga arewa. Shekara guda bayan haka rundunarsu ta iso yankinsu, aka tilasta wa maza aske gaban kai da yin kitso irin na Manchu, garin Jiading da ya ƙi aka yi masa kisan gilla. Saboda haka sa'ad da Wu Li ya soma koyon zane a wurin Wang Jian da Wang Shimin, yana kwaikwayon tsofaffin zane-zanen da Wang Shimin ya tara a gidansa, rumfar Ni Zan da masuncin da ya bar sarauta ba tsohon labari ba ne a gare shi. Baƙi sun sāke cin ƙasar. Bai taɓa karɓar aikin sarauta ba. Ya koyi waƙa, ya koyi kaɗa molon Sinawa mai tsirkiya bakwai, ya rayu da zanensa.

A 1662 mahaifiyarsa ta rasu, ba a daɗe ba matarsa ta bi ta. Ya yi shekaru yana nema. Ya yi abota ta ƙwarai da wani malamin addinin Buddha, daga baya ya kusaci Fada François de Rougemont, ɗan Jeswit da ke aiki a Changshu. Hanyar da ta kai shi Makau ke nan. Ya shiga ƙungiyar Jeswit a 1682. A waƙoƙin da ya rubuta a can ya ba da labarin yadda shi da fadannin Turai, in magana ta gagara, sukan koma ga rubutu, nasa yana sauka daga sama zuwa ƙasa, nasu yana tafiya a gicciye, kowa yana wahalar karanta na ɗan'uwansa. A 1688, yana da shekara 56, aka naɗa shi firist tare da waɗansu Sinawa biyu a hannun Luo Wenzao, Basine na fari da ya zama bishop.

Hotunan Turai ba sabon abu ba ne a ƙasar Sin a lokacin. Fada Matteo Ricci ya kai wa sarki hotunan Yesu da Maryamu a Beijin tun 1601, mutane kuwa sun yi mamakin yadda fuskokin suke kamar masu rai. Amma mamaki daban, girmamawa daban. Daga baya wani mai zane na fada, Zou Yigui, ya yarda cewa Turawa sun iya auna nisa da inuwa har mutum ya so ya shiga cikin gidan da suka zana, sa'an nan ya ce ba su da aikin alkalami ko kaɗan, don haka masu sana'a ne kurum. Wannan hukunci ya yi tsanani, ya kuma fito daga wanda bai ga manyan ayyukan Turai da idonsa ba. Wu Li ya fi shi adalci. Ya rubuta cewa zanen ƙasarsa ba ya neman kama da abu, abin da yake nema shi ne ruhun abin, na Turawa kuwa ya ba da ƙarfi ga haske da inuwa da kamanni. Ya lura har da cewa Sinawa suna sa hannu a saman zane, Turawa a ƙasa. Ya faɗi bambancin, bai zagi kowa ba, ya kuma tsaya a kan nasa.

Shekara talatin ya yi yana aikin firist a Shangai da Jiading da ƙauyukan da ke kewaye, yana bin Kiristoci talakawa, manoma da masunta, a ƙafa da cikin ƙananan jirage. Zane ya ragu ƙwarai, gama ba lokaci. Abin da ya rage na ayyukan tsufansa yana da duwatsu masu nauyi, an tara tawada busasshiya bisa busasshiya har ta yi duhu, masana da yawa kuma suna ganin su ne mafi ƙarfi cikin aikinsa. Babu gicciye a cikinsu, babu mala'ika. Akwai hanya mai hawa, da gada, da rumfa, da ɗan mutum ƙarami. Bangaskiyarsa ya zuba ta a cikin waƙa, ya rubuta a kan Triniti da Jibin Ubangiji da karin waƙar ƙasarsa, domin mutanensa su rera da muryar da suka sani.

Ana iya cewa ya yi hasarar zarafi, da ya zana Yesu da wannan gwanin hannu. Amma a al'adar da ya tashi a ciki, zanen siffar mutum domin a rataye a ɗakin ibada aikin masu sana'a ne da ake biya, zanen duwatsu kuwa shi ne inda mai ilimi yake nuna ko wane ne shi. Masu ilimin da suka san shi tun yana saurayi, waɗanda da yawansu suke ganin addinin Kirista kayan baƙi ne, in sun warware zanen Fada Wu sukan tarar da zaren rama na Huang Gongwang yana nan yadda yake. Ba su da bakin cewa wanda ya bi Yesu ya daina zama Basine.

Wannan tambaya kuwa ita ce ke cin Ikkilisiyar ƙasar Sin a shekarun tsufansa. Sarki Kangxi ya ba Kiristoci izinin yin addininsu a 1692. Amma gardama ta tashi tsakanin masu mishan a kan ko Kirista zai iya yin al'adun girmama kakanni da Konfushiyas. Roma ta hana a 1704, ta sāke ƙarfafa hanin a 1715, sarki ya husata. Wu Li ya rasu a Shangai a 1718 yana da shekara 86. A 1724 sarki Yongzheng ya haramta addinin, aka kori yawancin fadanni zuwa bakin teku. Cikin 'yan kaɗan da aka bari a Beijin akwai Giuseppe Castiglione, ɗan Jeswit daga Italiya, wanda aka riƙe saboda zanensa. Ya yi wa sarakuna uku aiki har ya mutu a 1766, aka sa shi ya koyi zane a kan siliki, ya kuma rage inuwa a fuskar sarki, domin a idon fada inuwa a fuska kamar datti ce.

Masu tarihin zane na ƙasar Sin sun lissafta Wu Li cikin manyan gwanaye shida na farkon daular Manchu, tare da malamansa biyu. Abin da bai yi ba, waɗansu suka yi daga baya. Akbishop Celso Costantini, wakilin Fafaroma a ƙasar Sin daga 1922 zuwa 1933, ya ƙarfafa masu zane su zana labarin Bishara da alkalami da tawadar ƙasarsu. Ɗaya daga cikinsu, Chen Yuandu, ya karɓi baftisma a 1932 da sunan Luka, shekara 214 bayan rasuwar Wu Li. Shi da almajiransa a jami'ar Katolika ta Beijin suka zana Maryamu da Yaron a kan siliki, cikin tufafin Sinawa, da itacen fir a gefe, da duwatsu a bayansu suna fitowa daga hazo.